Mahauci a Ƙasar Masunta

A Bartuwa ta ƙasar Kamaru na fara gane cewa ba kowane mai jin Hausa ne ɗan'uwa ba. Sunana Lawali, mutumin Tozai ta ƙasar Isa. Fawa na gada. Tun ina ƙarami nake bin mahaifina kasuwannin Isa da Sabon Birni da Gangara, mukan ma tsallaka Nijar mu sayo awaki, kuma a can na tsinci ɗan Faransancin da ya yi mini rana daga baya. Da zaman lafiya ya yi wuya a ƙasarmu, dabbobi suka ƙare a hannun mutane, kasuwa ta kwanta, sai na naɗe wuƙaƙena a tsumma, matata Luba ta daka mini yaji cike da ɗan buhu, na yi kudu neman inda ake cin nama.

A tashar motar Bartuwa na gamu da wani mai suna Sale, fari, mai fara'a, hularsa a karkace. Ya ji ina cinikin ayaba da hannu, ya matso ya yi mini sallama da Hausa. Na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi. Ya tambaye ni sana'ata, da na faɗa sai ya dafa kai.

"Mahauci? Kana nan kana ɓata lokaci? Akwai wani gari a ƙasar Kwango, Weso, a bakin kogi. Ma'aikatan katako ne cike da shi, kuɗi a aljihu, babu mai tsire ko ɗaya. Ni ma can na nufa."

Muka ci abinci kwano ɗaya, muka yi salla sahu ɗaya, muka shiga mota ɗaya zuwa Yokaduma. A can ya ce in kawo abin da ya rage na guzurina ya je ya yi mana takardun tsallaka iyaka. Don hankalina ya kwanta ya bar mini jakarsa, babba, mai nauyi. Na zauna gadinta har rana ta karkata. Da na gaji na buɗe, sai na iske tsummoki da kwalaben lemo babu komai ciki, da wani tsohon takalmi ƙafa ɗaya. Na daɗe ina kallon takalmin nan. Can sai na ji ina dariya ni kaɗai, hawaye na zuba.

Wani direban motar katako ne ya gan ni a haka, ƙaton mutum mai suna Jozef. Ya tambaye ni da Faransanci me ya faru, na harhaɗa masa yadda na iya. Ya girgiza kai ya ce, "Me ka iya yi?"

Na ce, "Na iya gasa nama."

Ya shiga kasuwa ya fito riƙe da zakara. Na yanka, na fige, na gasa shi a gefen hanya da yajin Luba. Jozef ya ci cinya ɗaya, gumi ya karyo masa, ya buɗe ƙofar mota ya ce, "Hau. Yaron motata ya gudu, kai ne sabon."

Daga nan muka shiga kurmi. Mu a Tozai in ka tsaya a bakin gari kana hango mai jaki tun yana ɗigo. A can kuwa itatuwa sun haɗe sama, ba ka ganin rana sai ta zo tsakiyar kai. Hanya jar laka ce, mota kan nutse mu wuni muna tono. Amma duk lokacin da Jozef ya ga ina leƙen sama ina neman rana, sai ya taka birki ya ce, "Je ka yi sallarka, ka saka ni a ciki." Da muka isa bakin ruwan da ya raba Kamaru da Kwango, shi ya yi magana a madadina, ya saka ni cikin kwalekwale, ya cusa mini burodi a hammata. Ban sake ganinsa ba, amma har yau ina saka shi a ciki.

Weso akwai mutane, akwai katako, akwai kuma masu tsire a kowace kusurwa, mutanen Chadi da Mali da Kamaru, kowa da tukubarsa. Naman ma daga nesa ake kawo shi, tsadarsa ta fi ƙarfin baƙo. Na yi ta yawo har na faɗa unguwar Musulmi. A ƙofar wani kanti na yi sallama na roƙi ruwan alwala. Wani tsoho mai farin gemu ya ɗago kai da sauri.

"Mi kac ce? Sake hwaɗi in jiya."

Na maimaita. Ya miƙe tsaye. "Kai yaro, ɗan wane gari na?"

"Tozai, Baba."

"Tozai ta Isa? La'ilaha illallahu! Ni ɗan Unguwal Lalle na! Zamna, zamna. Ku kawo mai ruwa, ku aza tuwo!"

Sunansa Baba Nomau. Tun kafin a haife ni ya baro gida, ya auri 'yar ƙasar, 'ya'yansa duk Lingala suke yi, wato harshen mutanen kogin. Ya zaunar da ni yana tambayata mutanen da yawancinsu sun daɗe da rasuwa, da wata tsamiya da ke bakin kasuwar Sabon Birni, da ko har yanzu ana kawo dankali daga fadama a kan raƙuma. Wani abin na sani, wani ban sani ba, amma bai damu ba. Maganar kawai yake son ji. Na ci tuwon masara da miyar kuka har na kasa tashi.

Shi ya daidaita mini zamana a ƙasar. Ya ce in manta da nama tukuna. Yana da kaya, gishiri da sabulu da batir da ƙugiyoyin kamun kifi, in bi jirgin ruwa da su zuwa ƙauyukan da ke gangaren kogin Sanga, in musanya da bandar kifi in kawo masa. Ya ba ni gidan sauro sabo a ledarsa.

"Wanga ya hi wuƙaƙenka amfani," in ji shi. "Sauronmu na gida baƙon damina na, kaka ta yi shi wuce. Na nan ɗan gari na, ba shi zuwa ko'ina."

Gulbinmu na Isa da rani da ƙafa ake tsallake shi, yara na wasa a kan yashinsa. Sanga kuwa baƙin ruwa ne mai faɗi, ba ka ganin ƙasansa. Ban iya iyo ba. Na zauna a tsakiyar jirgi kan buhun gishiri, na riƙe katako da hannu biyu, matan da ke ciki suna ta yi mini dariya suna miƙo mini gyaɗa. Muna tsayawa ƙauye-ƙauye, ina ciniki da yatsu da guntun Faransanci. Gidan sauron ina ɗaura shi, amma sauron ƙasar tun la'asar yake fara aiki, kafin mutum ya kai ga shimfiɗa ya riga ya sha rabonsa.

Wata safiya na tashi kaina kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Kafin azahar sanyi ya kama ni, rana na dukan kowa ni haƙorana na haɗuwa. Na san masassara, mun sha yin ta a gida, amma wannan ta daban ce. Na yi amai har na ga ɗaci kore. Mai jirgin ya taɓa goshina ya ce, "Palu," sunan da suke kiran zazzaɓin cizon sauro ke nan, kamar yadda na saba ji a Nijar. Ya ce ba zai wuce da ni in mutu masa a ruwa ba. A ƙauye na gaba, Ngombala, suka ɗauke ni kamar buhu suka kai ni gidan wata tsohuwa mai bandar kifi da ake kira Mama Odil, suka jibge kayana a gefe, jirgi ya wuce.

Abin da na fara gani da idona ya washe shi ne fuskar wata yarinya 'yar kimanin shekara biyar, ta sunkuyo tana leƙen cikin hancina. Jikar tsohuwar ce, Bibish. Ta ruga tana ihu, sai ga kakarta da wani saurayi mai ɗan akwati, shi ne mai ba da magani na sa-kai a ƙauyen. Ya soki yatsana, ya ɗiga jinin a kan wani ɗan farin abin gwaji, muka jira, ya nuna mini layi biyu, alamar palu ne. Ya ba ni ƙwayoyi ya kwatanta mini da rana: fitowarta, faɗuwarta.

Mama Odil gajera ce, baƙa, hannuwanta duk tabon wuta, kullum da ƙaramin gicciye a wuya. Ba ta jin Faransanci sosai, ni ban jin Lingala ko kaɗan. Ta kawo mini romo, na kawar da kai, don na ga namun dajin da ake ratayewa a ƙauyen, ban san abin da ke cikin tukunyar ba. Ta tsaya ta dube ni. Ta fita. Jim kaɗan ta dawo da sabuwar tukunya, ta nuna mini cikinta fes, ta kawo tarwaɗa mai rai tana motsi ta nuna mini, sannan ta hura wuta a ƙofar ɗakin inda nake ganinta, ta dafa a gabana. Tun daga ranar tukunyar nan ta zama tawa, ko ɗanta ba ya taɓa ta. Da ta ga ina ta waige-waige ina son yin salla a zaune, sai ta kama kafaɗuna ta juya ni wajen da rana ke fitowa.

Cikin zafin ciwo, wai na yi ta kiran abu ɗaya: "Hura, hura." Ni kam na tuna ina ganin ƙwaryar wata Bafillata da ke zama ƙarƙashin bishiyar bedi a kasuwar Tozai, nono mai sanyi, ludayi na yawo a kai. Da na ɗan samu sauƙi Mama Odil ta matsa sai na gaya mata mene ne hura. Na kwatanta da hannu: a daka, a cura, a dama da nono. Washegari sai ga ta da kwano, tana murmushi. Ta dama rogon da suka jiƙa da madarar gwangwani, ta zuba barkono a kai. Ban taɓa shan abu marar daɗi irinsa ba. Na shanye tas, na lashe cokali, na ce mata, "Hura!" Ta buga cinya ta yi guɗa irin tasu, maƙwabta suka leƙo.

Da ƙafafuna suka ɗauke ni, na duba kayan Baba Nomau, ko ƙugiya ɗaya ba ta ɓata ba. Na aika masa saƙo ta hannun mai jirgi, ya aiko cewa in zauna nan in riƙa tara masa kifi, shi zai riƙa turo kaya. Haka na zama ɗan Ngombala.

Bibish ce malamata. Takan ja ni da hannu tana nuna abu tana faɗin sunansa, in na karkace baki ta faɗi ƙasa don dariya. A wurinta na koyi "mbote", gaisuwarsu, da "ndeko", wato ɗan'uwa. Ita kuma ta kasa Lawali, sai "Lawale", har duk ƙauyen suka ɗauka. Ranar da aka fara ba ni kwanga, tuwon rogo da suke naɗewa a ganye, na gatsa har da ganyen. Shekara ta zagayo ana ba da labarin.

Kewar gida takan zo mini ne ranar Juma'a. Ni kaɗai ne Musulmi a ƙauyen. In yi wanka, in saka farar rigata, in zauna a bakin ruwa ba inda za ni. Babu kiran salla, babu ƙurar masu dawowa daga masallaci, babu Inna ta aiko a ce in sayo mata goro. Waya ba ta kamawa sai an je Weso. Mama Odil ta lura. Duk Juma'a sai ta kori yara daga inda nake, ta ajiye mini ayaba a gefe ta tafi.

Wata rana ɗanta Pasikal, uban Bibish, ya kamo giwan ruwa wanda sai da mutum biyu suka ɗauko shi. Na ga tsokar nan fara, mai kauri, hannuna ya fara ƙaiƙayi. Na kwance wuƙaƙena, na wasa su, na roƙi gefe ɗaya. Na yanka shi falle-falle, na fere tsinke daga gora, na soya gyaɗa na matse mai na yi ƙuli-ƙuli, na haɗa da sauran yajin Luba, na gina 'yar tukuba da laka. Kafin tsiren ya gama nuna, ƙanshi ya tara rabin ƙauyen. Pasikal ya ci tsinke ɗaya, ya zauna a ƙasa, ya ce da uwarsa wani abu da ya sa kowa ya fashe da dariya. Daga baya na ji fassarar: wai tun haihuwarsa ashe ɓata kifi suke yi.

Daga nan duk ranar da jirgin fasinja ya tsaya, ni da Mama Odil muna bakin ruwa, ita da bandarta, ni da tsirena, Bibish na kiran masu saye da muryarta mai kama da usur. Na fara aika wa Luba da Inna abin cefane ta hannun Baba Nomau. Pasikal ya ce ba zai yiwu ɗan gidansu ya kasa tuƙa kwalekwale ba, ya saka ni a gaba. Na kife da shi ya fi a ƙirga, a inda ruwa bai wuce ƙugu ba, yara na tafi a kan gaɓa. A hankali na iya riƙe filafilin tuƙi, na iya tafiya miƙe in ruwa ya kwanta.

Abin da na lura da shi a zaman nan, palu a wurinsu kamar ruwan sama ne, ba wanda yake mamakinsa. Kowane gida akwai mai kwance. Yara da yawa cikinsu a kumbure, idonsu fari. An taɓa raba gidajen sauro, wasu sun yage, wasu an kewaye 'yan tsaki da su, wasu an mai da su abin kamun ƙananan kifi, don cikin da ke jin yunwa yau ya fi ciwon gobe ƙara. Akwatin saurayin nan mai magani kuwa wani lokaci a cike, wani lokaci sai auduga.

Da ruwa ya ja baya, Pasikal da matarsa da yawancin majiya ƙarfi suka tafi sansanin kamun kifi can cikin fadamun kurmi, aka bar tsofaffi da yara da ni. A lokacin ne jikin Bibish ya yi zafi. Akwatin magani babu komai, mai shi ma ya tafi karɓo wani. Mama Odil ta dafa ganyaye ta yi mata wanka, ta ba ta ta sha. Zafin ya sauka, ya dawo. Yarinyar da ba ta rufe baki ta yi shiru, ko tsire na miƙa mata sai ta juya kai.

Da safe ina hura wuta na ji ihun tsohuwar. Na iske Bibish tana jijjiga, idanunta sun kafe sama. Tsofaffin mata suka taru, wata ta kawo hayaƙi, wata ta ce a kira mai addu'a. Ni kuwa ƙanena Buhari na gani a gabana. Haka ya yi wata damina a Tozai muna yara, aka ce iska ne, aka yi ta turare har ya cika. Da jijjigar ta lafa na buɗe tafin hannunta, fari fat. Na ja fatar idonta, babu ja ko kaɗan.

Na ce, "Mama, asibiti. Yanzu."

Ta nuna kogi, ta nuna tsofaffin da ke tsaye, ta buɗe hannuwa. Asibitin 'yan mishan yana can gangare, tafiyar wuni a kwalekwale. Wa zai tuƙa?

Na ce, "Ni za ni tuƙa."

Ta dube ni, ta san iyakar iyawata. Ta shiga ɗaki ta goyo yarinyar.

Ban taɓa fita tsakiyar Sanga ni ke riƙe da filafili ba sai ranar. Ruwa na jan mu, kwalekwalen na son juyawa, ina ta salati da ƙarfi, Mama Odil na tata addu'ar, tana jiƙa tsumma tana shafa wa yarinyar, ta kare ta daga rana da ganyen ayaba. Tafin hannuna ya kumbura ya fashe. Sau ɗaya muka hau kan wani kututture da ke ƙarƙashin ruwa, muka karkata har ruwa ya shigo, tsohuwar ta kwashe shi da kwano ba ta ko dube ni ba.

Rana ta take tsaka sai muka ji ƙarar inji a bayanmu. Wani jirgi ne ɗauke da buhunan gawayi. Mama Odil ta miƙe tsaye cikin kwalekwalen ta ɗaga yarinyar sama da hannu biyu. Mai jirgin ya rage wuta, ya duba, bai tambayi ko mu su wane ne ba, ya jefo igiya. Ya ja mu har ƙofar asibitin, ya kwance igiyarsa ya wuce. Ko sunansa ban sani ba.

Wata ma'aikaciyar jinya mai farin kallabi ta karɓi Bibish da gudu. Aka yi mata allura, aka ɗaura mata ruwa. Can ta fito ta yi mana bayani da Faransanci a hankali don in gane: palu ya cinye jinin yarinyar, magani kaɗai ba zai isa ba, sai an ƙara mata jini, su kuma ba su da ajiya. Mama Odil ta miƙa hannunta nan take. Aka gwada, aka ce ita ma nata bai ishe ta ba. Ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da zane.

Na naɗe hannun rigata na ce, "A gwada nawa."

Suka tambaye ni yaushe rabona da ciwo, na ce an daɗe. Suka ɗiba, suka shiga da shi, suka bar mu muna kallon ƙofa. Da matar ta fito tun daga nesa na ga haƙoranta. Ta ce jinina lafiyayye ne, kuma ya dace da nata.

To, a nan ne na ba da kunya. Ni da na tashi cikin jini, na yanka shanu da raƙuma ban taɓa ƙyaftawa ba, ina ganin nawa yana bin 'yar roba yana taruwa a leda sai ɗakin ya fara juyawa. Na farka na ga ƙafafuna a sama kan kujera, ana yi mini fifita da kwali. Ma'aikaciyar ta tambayi sana'ata, Mama Odil ta gaya mata, sai ga ta ta dafa bango tana dariya har da hawaye. Aka ba ni shayi mai sukari da yawa.

Muka zauna gefen gadon muna kallon ledar tana raguwa. Mama Odil na riƙe da ƙafar jikarta, ni ina riƙe da kofin shayi. Washegari da hantsi leɓunan yarinyar suka fara yin ja. Ta buɗe ido, ta dubi rufin ɗakin, ta dubi kakarta, ta dube ni, ta yamutsa fuska ta ce, "Lawale, yunwa."

Tsohuwar ta fita tsakar asibitin ta kama rawa ita kaɗai, masu jinya suka fito suna tafa mata.

Labari ya riga mu isa Ngombala. Pasikal ya baro sansani, yana tsaye cikin ruwa har gwiwa lokacin da muka iso. Ya karɓi 'yarsa ya rungume, ya miƙa wa uwarta, sannan ya ɗaga ni sama ɗungurungum kamar yaro, yana ta faɗin "Ndeko! Ndeko!" Suka haɗa kuɗi suka aika wani ƙauye mai nisa aka sayo bunsuru, suka kawo mini har gida suka ce in yanka da hannuna yadda addinina ya ce, don in ci tare da kowa. Aka yi kiɗa, aka yi rawa, suka ja ni tsakiyar fili na yi irin tamu ta rundawa, wato mahauta, suka ce ashe ƙasarmu ma akwai mahaukata. Shugaban ƙauyen ya tsaya ya yi dogon jawabi, abin da na tsinta a ciki shi ne daga yau in yaro ya yi zafi ba a kwana da shi, kuma duk mai kwalekwale bashi ne a kansa ya kai shi asibiti.

Na ƙara wata shekara a can kafin na tara abin komawa ganin gida. Ranar tafiya Bibish ta shige jirgi ta zauna a kan jakata ta ƙi sauka. Uban ya yi lallashi, ta ce ita ba ruwanta, jinin Lawale ne a jikinta, shi ne yake son zuwa garinsu. Na durƙusa na ce mata ajiya na ba ta, ta riƙe mini da kyau, ta riƙa kwana cikin gidan sauro kada a sace mini shi, za ni dawo in duba. Ta yi tunani, ta ce to, amma in zo mata da Luba.

Mama Odil ta rako ni har Weso da kwandunan kifinta. A kantin Baba Nomau waya ta kama, na kira gida. Inna ta ɗauka. Ta riga ta ji labarin duka a bakin Luba, amma ba ta taɓa jin muryar matar ba.

"Lawali, tana nan kusa? Ba ni ita."

"Inna, ba ta jin Hausa."

"Ni ce maka nic ce tana ji? Ba ni ita."

Na miƙa wa Mama Odil wayar, na ce mata uwata ce. Ta goge hannunta a zane, ta karɓa da hannu biyu. Ina jin muryar Inna tana fitowa: "Sannu, 'yar'uwa. Ƙaƙa gida? Ƙaƙa jikanyata? Allah shi saka miki, Allah shi raya muna ita." Mama Odil na amsawa, "Mbote, mama, mbote," ta shiga jero nata da Lingala, tana nuna ni da yatsa kamar Inna na ganinta, tana kwaikwayon yadda na sume a asibiti. Can na ji Inna ta ƙyalƙyale da dariya, ita ma ta kama. Baba Nomau ya matso zai yi musu tafinta, Mama Odil ta ture hannunsa ta juya masa baya.

Tsohon ya dawo ya zauna kusa da ni, yana share ido da bakin rawaninsa. Ya ce, "Bar su, ɗana. Sun hi mu jin junansu."

Suna nan suna yi har kuɗin wayar ya ƙare.